Yadda za ka koyar da darasin raba sinadarai ga ɗaliban injiniyan sinadarai

A cikin kwasa-kwasan da ɗalibin injiniyan sinadarai yake yi kafin ya karɓi digirinsa na farko, da wuya ka samu wanda ya kai darasin raba sinadarai kusanci da aikin masana'anta. Ɗanyen mai ba ya sayuwa a gidan mai sai an raba shi, iskar gas ba ta shiga jirgin ruwa sai an tsarkake ta, man gyaɗa ba ya fita daga ƙwaya don kansa. Wani ƙiyasi da mujallar Nature ta buga a 2016 ya nuna cewa aikin raba sinadarai yana cin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na makamashin da duniya take amfani da shi. Duk da haka, sau da yawa ɗalibi yakan ci jarrabawar kwas ɗin da maki mai kyau, amma in ka tsayar da shi ka ce ya gaya maka abin da zai faru idan aka ƙara wuta a gindin hasumiyar tace mai, sai ya yi zuru. Ya haddace matakan zane, bai san abin da zanen yake faɗi ba.

Shawarata ga malamin da aka danƙa wa kwas ɗin ita ce: ka ɗauki misali guda, ka sa ɗalibai su lissafa shi da hannunsu tun daga tushe har su ga kuɗin da zai ci, sannan ka nuna musu cewa sauran hanyoyin rabawa duk a kan wannan ginshiƙin suke. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka auna abin da suka zo da shi

Ranar farko kada ka fara sabon abu. Ka ba su tambayoyi uku na minti ashirin, ba maki. Ta farko lissafin shiga da fita: cakuɗe ya shiga tanki, magudana biyu sun fita, an ba da ƙarfin kowacce, a nemo yawan kowacce. Ta biyu mayar da kason nauyi zuwa kason mol. Ta uku, me ake nufi da matsin tururi. Za ka tarar da yawa sun ci waɗannan kwasa-kwasan a aji biyu amma abin ya bi ruwa. In fiye da rabin aji sun kasa ta farko, ka sadaukar da mako guda a kanta. Ba asara ba ce, domin yawancin layukan da za su zana nan gaba a kwas ɗin lissafin shiga da fita ne aka kwantar a takardar giraf.

Mataki na 2: Tambaya guda da za ka riƙa maimaitawa

Kowace hanyar rabawa tana cin gajiyar wani bambanci ne tsakanin abubuwan da suka cakuɗu. Distileshan, wato tacewa ta hanyar tafasawa da sanyaya tururi, yana dogara ga cewa wani ya fi wani saurin zama tururi. Tatsa da ruwan narkarwa tana dogara ga cewa wani ya fi wani narkewa a cikinsa. Tantani yana bambanta su ta girma ko ta saurin ratsawa. Ka rubuta a allo: wane bambanci za mu yi amfani da shi, kuma me za mu biya? Abin biya ko dai zafi ne, ko matsi, ko wani sinadarin da za a zuba sannan a sake wahalar cire shi.

A nan ka bar ɗalibai su kawo misalai daga gida. Matan da suke tarar ruwan toka suna aikin tatsar gishirin da ke narkewa ne daga busasshen abu. Mai jiƙa zoɓo haka. Masu gishirin Bilma a Nijar suna barin rana ta ƙafe ruwa har gishiri ya ƙanƙare. Waɗannan ba kwatance ba ne, ainihin ayyukan da littafi yake magana a kansu ne, girma kawai ya bambanta. Amma kada ka daɗe a nan. Rabin lacca ta isa.

Mataki na 3: Daidaito tsakanin ruwa da tururi

Wannan shi ne wurin da aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne wurin da bashi yake taruwa. Ka zaɓi benzin da toluwin. Benzin yana tafasa a digiri 80.1, toluwin a 110.6, kuma cakuɗensu yana bin dokar Raoult sosai, wato dokar da ta ce matsin da kowanne yake bayarwa a tururi yana tafiya daidai da kasonsa a ruwa, shi ya sa littattafai suke son su. Ka ba ɗalibai lambobin lissafin Antoine, wanda yake haɗa zafi da matsin tururi, su fitar da matsin tururin kowanne a zafi biyar ko shida tsakanin 80 da 110, su gina jadawali, su zana layin daidaito da hannu, wato layin da yake haɗa kason benzin a ruwa da kasonsa a tururi. Kada ka raba musu zanen da aka riga aka buga. Wanda ya ɗiga ɗigon da kansa ba ya mantawa cewa kowane ɗigo yana nufin tukunya ce da aka rufe, ruwa a ƙasa, tururi a sama, an bar su har kowa ya tsaya a matsayinsa.

Daga nan ka shigo da alfa, ma'aunin yadda ɗaya ya fi ɗaya saurin tashi. Na benzin da toluwin yana wajen 2.5, sai lissafin ya zama y = 2.5x/(1 + 1.5x), inda x yake kason benzin a ruwa, y kuma kasonsa a tururi. Su sa x = 0.5 su gani: y ya fito 0.714. Ruwan da yake rabi da rabi ya haifi tururin da kashi 71 cikin ɗarinsa benzin ne. Ka tsaya a kan wannan lambar, ka tambaye su: to in muna son kashi 95 fa? Wani zai ce a sanyaya tururin a sake tafasawa. Ya riga ya gano hasumiya, saura ka ba ta suna.

Ka kuma nuna musu cewa matsi yana canza komai. A Jos, saboda tsayin wurin, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, ba 100 ba. Wannan ne dalilin da ya sa matatun mai suke da hasumiya ta biyu wadda ake zuƙe iskar cikinta: ragowar mai nauyi zai ƙone ya farfashe kafin ya tafasa in ba a rage matsin ba.

Mataki na 4: Hasumiya da fensir da rula

Hanyar McCabe da Thiele, ta ƙirga matakan hasumiya a kan takardar giraf, ta fito a 1925, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta nuna wa ɗalibi cikin hasumiya ba. Akwai masu cewa zamaninta ya wuce tunda kwamfuta ta zo. Gaskiya ne ba wanda zai gina matata da ita yau. Amma ba gini muke yi a aji ba, ido muke buɗewa.

Ga misalin da nake ba da shawarar ka riƙe har ƙarshen zango. Kilomol 100 a awa na cakuɗen benzin da toluwin, rabi da rabi, yana shiga yana daf da tafasa. Ana son kashi 95 na benzin a sama, kashi 5 kacal a ƙasa. Lissafin shiga da fita ya ba da kilomol 50 sama, 50 ƙasa. Su yi wannan kafin su taɓa takardar giraf.

Sannan ka bi iyakoki biyu kafin ka shiga tsakiya. Iyaka ta farko: a mayar da duk abin da ya sanyaya a sama cikin hasumiya, ba a ɗibar komai. Lissafin Fenske na 1932, mai fitar da mafi ƙarancin matakai, ya ba da matakai 6.4, kuma in sun zana tsakanin layin daidaito da layin da ya ratsa tsakiya za su ƙirga bakwai. Ƙasa da haka ba ya yiwuwa ko nawa za ka kashe. Iyaka ta biyu: a rage abin da ake mayarwa, wato rifulos, har layin aiki, wato lissafin shiga da fita da aka zana a giraf, ya taɓa layin daidaito. A misalinmu hakan yana faruwa a 1.1. Ka sa su gwada zana matakai a wurin. Za su ga matakan suna ƙanƙancewa, fensir yana cushewa a lungu guda, ba ya wucewa. Ka bar su su sha wannan wahalar na minti biyar. Bayan haka ba sai ka yi dogon bayani a kan dalilin da ya sa ake cewa ana bukatar farantai, wato hawa-hawan cikin hasumiya inda ruwa da tururi suke haɗuwa, marasa iyaka ba.

Yanzu a ɗauki rifulos ninki ɗaya da rabi na mafi ƙaranci, 1.65. Layin aiki na sama ya zama y = 0.623x + 0.358. Su fara daga 0.95 su sauko: ruwan faranti na farko 0.884, na biyu 0.799, na uku 0.704, haka har na shida ya faɗo ƙasa da 0.5, nan ne mashigar cakuɗen, nan kuma ake komawa layin ƙasa. Gaba ɗaya matakai 12 ne, na ƙarshe shi ne tukunyar tafasawa ta gindi, riboila. Saura farantai 11.

Kurakurai uku suke dawowa kowace shekara, gara ka tare su tun da wuri. Ɗalibai sukan manta cewa riboila mataki ce, su ƙirga ta cikin farantai. Sukan ci gaba da bin layin sama bayan sun wuce mashiga. Sukan kuma rikita layukan biyu: layin daidaito yana haɗa ruwa da tururin da suka bar faranti ɗaya, layin aiki yana haɗa waɗanda suka gitta juna a tsakanin farantai biyu. Maganin na uku shi ne ka zana farantai uku manya a allo, kibiyoyi huɗu a kowanne, ka kira ɗalibi ya nuna da yatsa waɗanne biyu ne ɗigo kaza yake wakilta. Ka yi haka da mutum biyar ko shida. Yana cin lokaci, amma daga ranar zanen ya daina zama tsani kawai.

Kada ka rufe wannan babin ba ka faɗa musu cewa faranti na gaske ba ya kai wa ga daidaito ba. Ruwa da tururi suna haɗuwa na ɗan lokaci ne su rabu. In ingancin farantan kashi 70 ne, 11 ɗin nan sun zama 16, kuma da tazarar santimita 60 tsakaninsu hasumiyar ta doshi mita goma kafin a ƙara sama da ƙasa. A nan ne za su fara jin cewa ƙarfe ake magana.

Mataki na 5: Ka sa kuɗi a ciki

A rifulos 1.65, tururin da yake hawa kilomol 132.5 ne a awa. Kowane kilomol yana bukatar wajen megajul 32 kafin ya tashi, wato riboila tana shan kusan megawat 1.2 dare da rana. Ka raba aji gida biyu, rabi su maimaita zanen da rifulos 3. Za su samu matakai 9 maimakon 12, amma wutar ta haura zuwa kusan megawat 1.8. An rage farantai uku, an ƙara rabin kuɗin makamashi har iya rayuwar masana'antar. Ka ce su zaɓa, su kare zaɓinsu. Muhawarar da za ta tashi ta fi kowace lacca da za ka yi a kan tattalin zane, kuma daga ita za su gane dalilin da ya sa masu aikin suka fi zama tsakanin ninki 1.2 da 1.5 na mafi ƙarancin rifulos.

Mataki na 6: Ɗakin gwaji, da cakuɗen da ya ƙi bin doka

Benzin na takarda ne kawai. Yana jawo kansar jini, kada ka kusantar da ɗalibai gare shi. A ɗakin gwaji ka yi amfani da itanol da ruwa, wanda kuma zai ba ka darasi na gaba kyauta: duk tsawon hasumiyarka, ba za ka wuce kashi 95.6 na itanol a nauyi ba a matsin iska na yau da kullum, domin a nan tururi da ruwa sun zama iri ɗaya, suna tafasa tare a digiri 78.2. Wannan shi ne aziyotirof. Ɗalibin da ya saba da benzin da toluwin yana ɗaukan Raoult gaskiya ce ta har abada, nan ne zai ga iyakarta, nan kuma za ka gabatar da lissafin da yake gyara karkatar.

Wajen auna ƙarfin itanol, kwalbar auna nauyi ta fi na'urar lanƙwasar haske aminci. Lanƙwasar hasken cakuɗen tana hawa ne har wajen kashi 80 sannan ta fara sauka, saboda haka lamba ɗaya tana iya nufin ƙarfi biyu daban, daidai a yankin da samfurin saman hasumiya yake faɗawa. Su fara haɗa cakuɗe biyar da suka san ƙarfinsu su gina layin awo nasu.

In sashenku yana da hasumiyar gilashi, abu mafi daraja da za ka yi da ita shi ne ka ɓata aikinta da gangan, kana tsaye. Ka ƙara wuta sannu a hankali su ga kumfa tana hawa, ruwa ya kasa sauka, farantai sun cika: ambaliya ke nan. Ka rage wutar su ga ruwa yana yoyo ta ramukan faranti. In babu hasumiya, ko wuta ba ta tsayawa har a kai ga daidaituwar aiki, tulun gilashi da kondensa da ma'aunin zafi sun isa a yi distileshan na tukunya guda, a ɗebi samfur kowane mililita hamsin, a gwada da lissafin Rayleigh na irin wannan distileshan. Ka tabbata dai ba harshen wuta a kusa da itanol.

Mataki na 7: Sauran hanyoyin, a kan ginshiƙi ɗaya

In an yi distileshan da kyau, wanda zai iya cin kusan rabin zango, sauran suna tafiya da sauri. Kowanne ka fara shi da tambayoyi biyu: ina layin daidaito, ina layin aiki?

Shanye iska cikin ruwa shi ne mafi kusa. A Bonny, kafin a sanyaya iskar gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, sai an wanke ta da ruwan amin an cire iskar kabon dayoksaid, in ba haka ba za ta daskare ta toshe bututu. Zanen iri ɗaya ne, sai dai layin aiki ya koma saman layin daidaito, ka bar su su gano dalili. Nan ne kuma wurin shigo da hasumiya mai cike da tarkacen zobba maimakon farantai, da ra'ayin Lewis da Whitman na 1924 cewa jinkirin wucewar sinadari yana cikin siraran shimfiɗu biyu ne a inda iska da ruwa suka haɗu. Kada ka tsallake wannan. Daidaito yana faɗin inda za a iya kaiwa, saurin wucewa yana faɗin tsawon ƙarfen da za a saya.

A tatsa da ruwan narkarwa, lissafi guda ya isa ya kama hankalinsu. A ce sinadarin ya fi son ruwan narkarwar ninki biyu. In ka zuba lita ɗaya a kan lita ɗaya gaba ɗaya, kashi 33 ya rage. In ka kasa litar gida uku ka tatsa sau uku, kashi 22 ya rage. Duk mai wanki ya san ɗauraya uku da ruwa kaɗan-kaɗan ta fi ɗauraya ɗaya da bokiti cike. Daga nan ka kai su masana'antar man gyaɗa da waken suya: matsewa tana barin mai a cikin tunkuza, hekzen yana sauko da shi ƙasa da kashi 1, sannan a tafasa hekzen ɗin, wanda yake tashi a wajen digiri 69, a sake amfani da shi. Su lura cewa tatsa ba ta kawar da distileshan ba, ta matsar da shi ne zuwa inda ya fi sauƙi. Zanen kusurwa uku yana ba ɗalibai wuya, ka ware masa zaman aiki guda na karanta ɗigo kawai.

Tantani kuwa, kusan kowane ɗalibi ya taɓa ganin gidan fiya wata. Tantanin da Loeb da Sourirajan suka samar a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas wajen 1960 shi ya buɗe wannan hanyar. Ka ba su lambobi biyu su kwatanta: ƙafe tan ɗaya na ruwa a tukunya guda yana cin zafin da ya haura kilowat-awa 600, samar da tan ɗaya ta hanyar tura ruwan teku ta tantani yana cin lantarkin kilowat-awa 3 zuwa 4. Busarwa, ƙanƙarar da sinadari da manne shi a jikin gawayi, gwargwadon abin da manhajar sashenku ta tanada, kowanne lacca ɗaya ko biyu.

Mataki na 8: Sai yanzu kwamfuta

Ka fara da Excel. Su sake gina matakai 12 ɗin nan layi bayan layi, su canza rifulos su ga lambar tana motsi. Bayan haka manhajar kwaikwayon masana'anta. Aspen Plus da HYSYS su ne a kamfanoni, amma lasisinsu yana da tsada. DWSIM kyauta ce, tana hawa kan laftof na ɗalibi, kuma ta isa duk abin da ake bukata a wannan matakin. Doka ɗaya ka kafa: ba wanda zai danna maɓallin lissafi sai ya rubuta a takarda amsar da yake tsammani. Sannan ka sa su lissafa itanol da ruwa da dokar Raoult a cikin manhajar. Za ta ba su itanol kashi 99 ba tare da ta yi ƙorafi ba, alhali sun gani da idonsu a ɗakin gwaji cewa hakan ba ya yiwuwa.

In da hali, ka haɗa da ziyara. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, matatar Zinder da ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, ko kamfanin man girki mafi kusa da ku. Waɗanda za su tafi SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, ka ba su aiki tun yanzu: su dawo da zanen na'urar rabawa guda daga inda suka yi aiki, da abin da yake shiga da abin da yake fita.

Mataki na 9: Jarrabawa

Ɗalibai suna karanta abin da suka san za a tambaya ne, kuma tsofaffin takardun jarrabawa suna yawo a wayoyinsu. In kullum tambayarka ita ce a ƙirga farantai, haddar matakai za ka samu. Ka bar tambayar zane guda, ka ba da takardar giraf, sauran ka juya su. Hasumiya tana aiki, sai cakuɗen da ke shiga ya sauko daga kashi 50 zuwa 40, me zai faru da samfurin sama in ba a taɓa komai ba? Ga zanen wani ɗalibi, akwai kuskure biyu a ciki, a nemo su. Ga cakuɗe uku, wace hanya za ka zaɓa wa kowanne, don me? Ka ba su lissafin Fenske da na Antoine a bayan takarda, ba haddarsu ake gwadawa ba. Wajen maki, ka ware kaso na musamman ga wanda ya samu amsar da ba ta yiwuwa, kamar kason mol da ya haura ɗaya ko rifulos ƙasa da mafi ƙaranci, ya kuma rubuta a gefe cewa ya lura akwai matsala. Ka sanar da su wannan tsarin tun makon farko, ka kuma yi amfani da shi a gwajin tsakiyar zango domin su san da gaske kake.